Yadda Ake Shirya Yara Kafin A Kai Su Bakin Teku A Ƙasar Waje

Yaron da ya tashi a Ringim ko Ƙaraye ya san ruwa. Ya san kududdufin bayan gari da damina, ya san Kogin Haɗeja ko madatsar Challawa, ya san maza suna wankansu can, mata masu wanki kuma suna can gefe da zanensu a ɗaure. Abin da bai taɓa gani ba shi ne tsoho da tsohuwa, saurayi da budurwa, kwance a yashi ɗaya kusan tsirara, kuma ba mai ɗaga kai ya dubi wani. Ga shi yanzu tafiya ta yawaita. Wani zai kai iyali Umara a ratsa ta Jidda, wani ɗansa ya gama karatu a Malesiya ko Turkiyya za a je bikin yaye shi, wani neman magani ya kai shi Masar, wani kuwa Kwatano ce ko Lome saboda kasuwanci. Duk inda aka sauka, mai masauki sai ya ce, "Ku taso in kai yara su ga teku." Shirin wannan rana tun daga gida ake yinsa.

Da farko, ku manya ku san inda za ku. Kada a yi wa ƙasashen waje kuɗin goro. A bakin tekun Jidda inda jama'a ke taruwa, iyalai ne zaune a kan darduma da kayansu cif, ana shan shayi. A Iskandariyya ta Masar za ka ga mata da yawa sun shiga ruwa da doguwar riga da ɗankwali. Dubai, duk da ƙasar Musulmi ce, an yarda mace ta sa bikini, wato ɗan kamfai da rigar mama kawai, a bakin ruwa, amma da ta bar yashi ta nufi kanti dole ta rufa. Maƙwabciyarta Sharja kuwa ta fi ta tsanani. A Turkiyya akwai otal-otal, musamman wajen Antaliya, da suka ware wa mata wurin ninƙayarsu daban. A Faransa da Sifaniya ba abin mamaki ba ne ka ga mace kwance ƙirji a buɗe, a Jamus kuma duk inda kuka ga allo an rubuta FKK, to wurin masu zama tsirara ne, ku juya tun daga nesa. A tambayi ɗan uwan da ke can tun ana gida: wane bakin ruwa iyalai suka fi zuwa, akwai ranar mata zalla, wane lokaci ne ba cunkoso? Rabin wahalar nan ta ƙare a waya.

Faransa tana buƙatar ƙarin bayani, domin can dokar tana iya taɓa mai rufe jiki. A 2016 garuruwa kusan 30 na bakin teku, har da Cannes, sun hana sa burkini, wato kayan wankan mata mai rufe jiki duka, sai babbar kotun da ke duba harkokin mulki ta dakatar da irin wannan hani a ranar 26 ga Agusta na shekarar. Amma a 2022, da birnin Grenoble ya halatta shi a wuraren ninƙaya na gwamnati, kotun nan dai ta ce a'a. Maza ma ba su tsira ba: yawancin irin waɗannan wurare a Faransa ba sa barin namiji ya shiga da wando mai faɗi, sai ɗamamme. Saboda haka in can za ku, teku ta fi muku sauƙi.

Mataki na biyu shi ne magana da yaran, kuma nan ne iyayenmu suka fi nauyin baki. Kunya ta hana uba ya yi wa 'yarsa wannan zance, uwa kuma tana jin nauyin ɗan farinta. To, ba dole sai su ba. A ba gwaggo ko yayar yarinya aikin, yaro kuma kawunsa ya ja shi gefe bayan Magariba. Abin da ba shi da kyau shi ne a yi shiru har sai ido ya gani.

Ɗan shekara huɗu ko biyar ba ya son dogon bayani. Ya isa a ce masa, "Inda za mu akwai ruwa babba, za ka ga mutane da 'yan ƙananan kaya. Haka suke yi a garinsu, mu kuma da namu kayan za mu shiga. Ba a nuna mutum da yatsa." Daga shekara bakwai zuwa goma kuwa tambaya za ta biyo baya, kuma ga irin yadda takan kasance:

"Inna, su ba su da kunya ne?"

"Suna da irin tasu, uwata. In kika tofar da yawu a kan hanyarsu ko kika kutsa cikin layi, su a wurinsu wannan ne rashin kunya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi."

"To mu me ya sa ba ma yin irin nasu?"

"Saboda addininmu ya gaya mana inda za mu rufe, kuma mun yarda da shi."

Wannan amsa ta fi "ai 'yan iska ne" amfani nesa ba kusa ba. Yaron da aka ce masa duk wanda ya gani a haka ɗan iska ne, to ranar da likitar da ta yi wa kakarsa aiki ta gaishe su a bakin ruwa da kayan wanka, ɗayan biyu ne: ko ya yi mata tsageranci, ko ya fara shakkar duk abin da aka gaya masa a gida. Ni a ganina na biyun ya fi haɗari.

Samari da 'yan mata da suka balaga a yi musu magana irin ta manya. Sun karanta Suratun Nur a Islamiyya, aya ta 30 da ta 31, inda aka umarci maza da mata su runtse ido, kuma sun ji hadisin da Annabi (SAW) ya gaya wa Sayyidina Ali kada ya bi kallo da kallo. A tuna musu cewa ga wurin aiki da shi ya zo. Kada a ɗora musu cewa abin da ido ya faɗa a kai ba da niyya ba zunubi ne, don kada yaro ya wuni a takure kamar wanda ya yi sata.

Sai tufafi, mataki na uku. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar yarinya ta shiga teku da atamfa da hijabi har ƙasa. Auduga tana shan ruwa ta yi nauyi, ta manne a jiki ta fito da abin da ake son ɓoyewa, dogon hijabi kuma igiyar ruwa tana iya naɗe shi a fuska ko a ƙafa. Teku ba kududdufi ba ce, tana ja. Abin da ya dace shi ne irin yadin rigar 'yan ƙwallo, mara nauyi mai saurin bushewa, kuma mai duhun launi. Ana samunsa a Kantin Kwari, ko a duba wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai. Telan ƙauye zai iya ɗinkawa in an yi masa bayani: riga mai dogon hannu da ta sauko cinya, dogon wando mai tsuke ƙafa, da ƙaramin hijabi na zurawa wanda ba ya buƙatar fil. A ce ya sa 'yar igiya a cikin rigar ta kowane gefe, wadda za a ɗaure da wando, don kada ruwa ya ɗaga ta sama. Wannan shi ne burkinin da Aheda Zanetti, haifaffiyar Labanan mazauniyar Ostireliya, ta ƙirƙiro a 2004, ba wani abu ba ne da ya gagari keken ɗinki. Namiji kuma wando daga cibiya zuwa gwiwa, da mazagi mai ƙarfi, domin roba kaɗai igiyar ruwa ɗaya ta isa ta tuɓe shi a bainar jama'a.

In an karɓo ɗinki, a gwada a tsakar gida. Yarinya ta sa, uwarta ta sheƙa mata bokitin ruwa daga ka, ta ce ta ɗaga hannu, ta tsuguna, ta yi tsalle. Nan take za a ga inda ya manne, inda ya yi shara-shara, da inda hijabin ke zamewa. Yara suna ɗaukar abin wasa, har ƙannai su yi layi, kuma ranar da aka je kayan ba za su zame musu baƙi ba. A haɗa da silifa, yashin rana yana ƙona tafin ƙafa.

Na huɗu gajere ne amma ba wasa a cikinsa: waya. Ba a ɗaukar hoton kowa a bakin ruwa. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ɗaukar mutum hoto ba da izininsa ba laifi ne da ke jawo tara ko ɗauri, a Turai kuma ɗaukar 'ya'yan mutane yana iya kawo 'yan sanda. Saurayin da ke son ya turo wa abokansa na WhatsApp "abin da ya gani", a karɓe wayar kafin a sauka daga mota. In za a yi hoton iyali, a juya baya ga ruwa inda ba kowa.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren da ake mantawa: yaran namu ma za a kalle su. Yarinyar da ta rufe jikinta a cikin ɗaruruwan da ba su rufe ba, ita ce baƙuwar ido. A shirya mata amsa guda, gajera, da harshen da take iyawa: wannan kayan wankana ne, haka nake so. Ba gardama, ba kuka. In babba ne ya matsa mata, ta zo ta kira babanta. A kuma gaya wa yara duka cewa a ɗakin canza kaya na wasu ƙasashe mutane suna tuɓewa a gaban juna. Su nemi ɗaki mai ƙofa, ko su saka kayansu tun daga masauki. Ba wanda zai taimaka musu tuɓewa sai uwa ko yaya, kuma duk wanda ya taɓa su su yi ihu.

Ranar zuwa, a fita da sassafe ko bayan La'asar, lokacin masu shanya jiki a rana sun ragu. A zauna kusa da wasu iyalai masu yara, kusa da masu ceto. Jar tuta tana nufin ba shiga. A Ingila da Ostireliya tsakanin tutoci masu ja da rawaya ake iyo. Tekun Kwatano da Lome tana da mugun ja, don haka yaro kada ya wuce ruwan gwiwa, kuma babba ɗaya ya zama ba shi da aiki sai kallonsu. Da an fito a ɗora jallabiya ko abaya kafin a hau titi, domin har a birnin Basalona na Sifaniya, tun 2011, ana cin tarar mai yawo cikin gari da kayan wanka.

In an koma masauki a ɗauraye kayan da ruwan famfo, gishiri yana cin yadi. Da daddare kuma a tambayi kowane yaro shi kaɗai me ya gani, me ya ba shi mamaki, a bar shi ya gama kafin a sa baki. Daga nan a gaya masa wanne labari ne na gaban Kaka da malamin makaranta in an dawo gida, wanne kuma zai kawo wa Inna ko kawunsa kaɗai.