Yadda na hana kajina kwana a wurin ƙwai

Kullum da safe sai in tarar da ƙwai dumu-dumu da kashi, abin yana ci mini rai. Na yi ta sauya ciyawar shimfiɗa, ba ta sauya zani ba.

Wani dare na leƙa akurkin da tocila, sai ga su cunkushe cikin akwatunan ƙwai suna barci. Ashe sandar kwanan da na gitta musu tana ƙasa da akwatunan, kaza kuwa wuri mafi tudu take nema ta kwana, kuma nan take yawan kashi.

Na ɗaga sandar sama da akwatunan, kowace yamma in toshe bakinsu da kwali, in buɗe da asuba. Dare 5 na yi ina ɗora masu taurin kai bisa sandar da hannuna. Yanzu ƙwai fes nake kwasa.