Zana sin(x) a LaTeX: ku kula da digiri

Jama'a masu rubuta takardun lissafi da LaTeX (manhajar tsara rubutu), don Allah ku daina ɗauko hoton zane daga wata manhaja kuna mannawa. Ƙunshin pgfplots, wato ƙarin da ake saka wa LaTeX don yin zane, zai zana muku shi a cikin takardar kanta, lambobi da haruffan su fito iri ɗaya da sauran rubutun.

Amma ga inda ake yawan tuntuɓe: pgfplots da digiri yake auna kusurwa, ba da radiyan ba (ma'aunin da 2*pi ke daidai da digiri 360 a cikinsa). Idan ka rubuta sin(x) daga 0 zuwa 2*pi, kusan miƙaƙƙen layi za ka gani, domin digiri 6 da ɗoriya kawai ya lissafa. Rubuta sin(deg(x)), domin deg yana mayar da radiyan zuwa digiri, nan take lanƙwasar za ta fito yadda ka santa.

Sannan ka ƙara samples=200. In ba ka faɗa masa ba, ɗigo 25 kawai yake ɗauka, shi ya sa zanen ke fitowa a kakkarye. Kada kuma ka zarce zuwa dubbai, takardar za ta daɗe kafin ta haɗu, ba tare da wani ƙarin kyau ba.

Wajen zana tan(x) kuwa, sa restrict y to domain=-10:10, don kada ya ja dogayen layuka a tsaye a wuraren da tan ba shi da ƙima.