Yadda Malami Zai Shirya Gwajin Aji da Google Forms

Malamin da ke da ɗalibai tamanin a aji guda ya san cewa ba tsara tambayoyi ne ke ba da wahala ba, duba takardun ne ke cinye masa Asabar da Lahadi, kuma kafin ya mayar wa yara sakamakonsu an riga an wuce darasin. Manhajar Google Forms tana sauke wannan nauyi, kyauta ce, ba ta buƙatar komai sai adireshin Gmail da waya mai ɗan data. Ga kuma wata riba: tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya, saboda haka ɗalibin da ya saba zaɓen amsa a waya tun yana sakandare ba zai rikice ba ranar da ya shiga cibiyar jarrabawa.

Da farko malami zai buɗe Chrome ya shiga forms.google.com, ya zaɓi sabon fom, ya ba shi suna bayyananne, kamar "Gwajin Lissafi, JSS 2, Mako na Uku". Daga nan sai ya shiga "Settings" ya kunna "Make this a quiz", domin idan bai kunna shi ba fom ɗin zai tattara amsoshi ne kawai ba tare da ya ba da maki ba.

Tambayar farko ta zama sunan ɗalibi da lambarsa ta rajista, a kuma kunna "Required" don kada a tsallake ta. Akwai zaɓin "Limit to 1 response" da ke hana mutum amsawa sau biyu, amma a ganina gara a bar shi a kashe, domin yana tilasta wa kowa shiga da nasa adireshin Google, alhali yawancin yaranmu da wayar iyayensu ko ta yayyensu suke amfani, wani lokaci ma yara uku a waya ɗaya. Ya isa malami ya sanar cewa amsar farko ce kaɗai zai ƙirga.

Bayan rubuta kowace tambaya da zaɓuɓɓukanta, sai a danna "Answer key", a nuna amsar da ta dace, a sa makinta, a kuma ƙara gajeren bayanin da ɗalibin da ya kuskure zai gani. Tambayar da ake rubuta amsarta da hannu tana son kulawa, musamman ga malamin Hausa, saboda manhajar tana kwatanta abin da yaro ya rubuta ne da abin da malami ya shigar. Idan amsar "ƙasa" ce, yaron da wayarsa ba ta da harufa masu lanƙwasa ya rubuta "kasa", zai rasa makin da ya cancanta, don haka a shigar da duka biyun a matsayin daidai.

Idan an kammala, a danna "Publish", a kwafi mahaɗin, a gwada shi a wata waya, sannan a tura shi zauren WhatsApp na ajin. A rage hotuna, domin su ne ke cin data. Idan a cikin aji za a yi kuma wayoyi sun yi kaɗan, a raba yara biyar-biyar, kowane rukuni ya tattauna kafin ya aika amsa ɗaya.

Babban amfanin yana sashen "Responses", inda manhajar ke fito da tambayoyin da aka fi faɗuwa da kuma yawan waɗanda suka zaɓi kowace amsa. Alal misali, idan an tambayi jimillar 1/2 da 1/3 sai rabin aji suka zaɓi 2/5 maimakon 5/6, malami ya gane nan take cewa yaran suna haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, kuma ya san da abin da zai fara darasin gobe. Wannan ya sa ya kamata amsoshin da ba daidai ba su kasance irin kurakuran da yara ke yi da gaske, ba cikon gurbi ba.

A ƙarshe, a danna "Link to Sheets" don adana makin a jadawali. Sai dai gwajin da aka amsa a gida kada a ba shi nauyi sosai a sakamakon zango, tunda malami bai ga wanda ya riƙe wayar ba.