Yadda za ka nemi gurbin horon bazara a binciken Wata da Mars

Ƙannena masu karanta jiyoloji, fizis, kemistiri, lissafi ko kwamfuta, akwai wani horo da cibiyoyin binciken sararin samaniya ke yi wa ɗaliban jami'a lokacin dogon hutun Turawa, wato daga Yuni zuwa Agusta, mu nan damina ce tsundum. Kusan irin SIWES ɗinmu ne, sai dai a can ba zama za ka yi a ofis kana jiran oga ya sa maka hannu a littafi ba, masani guda za a haɗa ka da shi ya ba ka tambaya ta gaske wadda shi ma bai san amsarta ba, ka yi sati 10 kana fama da ita.

Kafin komai ka san ƙofar da za ta buɗu maka. Yawancin guraben da NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ke bayarwa kai tsaye na 'yan ƙasar Amurka ne, haka ma shirin binciken ɗalibai na REU da hukumar kimiyya ta Amurka, NSF, ke biya, sai ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin, don haka kar ka ƙona datarka a can. Wanda ya saba ɗaukar 'yan ƙasashen waje shi ne na cibiyar Lunar and Planetary Institute, LPI a taƙaice, da ke Houston a jihar Texas, kusa da cibiyar Johnson ta NASA inda ake ajiye duwatsun Wata da 'yan sama jannatin shirin Apollo suka kwaso daga 1969 zuwa 1972, wajen kilo 382. Suna neman wanda ya ɗan yi nisa a digiri na farko, kamar wanda ya gama aji biyu, kuma suna ba da alawus da masauki. A Turai kuma akwai LEAPS na jami'ar Leiden a Holan tare da hukumar sararin samaniyar Turai, ESA, shi ya fi karkata ga taurari amma akan samu aikin da ya shafi duniyoyi. Sharuɗɗa kan canza kowace shekara, kuma maganar bizar Amurka ta yi tsauri ga 'yan Najeriya da Nijar, to ka karanta shafinsu da kanka kuma kar ka dogara da waje ɗaya.

Lokaci shi ke kayar da mutanenmu. Horon a Yuni yake amma fom tun wajen ƙarshen shekarar da ta gabata ake rufe shi, wanda ya farka a Afrilu ya makara. Tun Oktoba ka fara bin takardar sakamakonka a makaranta, kowa ya san yadda fayil ke kwana a teburi, ka yi fasfo idan ba ka da shi, ka kuma duba kalandar makarantarku don yajin aiki ya kan turo jarrabawa ta faɗo tsakiyar Yuli, gara ka je wajen shugaban sashenku da wuri ku yi magana.

Yanzu ga inda nake so ka fi mai da hankali. Masu zaɓen nan ba su san jami'arku ba, ba su san nauyin makin da ka ci ba, abin da zai sa su tsaya a kan takardarka shi ne su ga ka taɓa yin wani abu da hannunka. Kuma wallahi kayan aikin kyauta suke a intanet. Buɗe LROC QuickMap a laftof, taswirar Wata ce da aka haɗa da hotunan kumbon Lunar Reconnaissance Orbiter wanda aka harba a 2009. Ka je Mare Tranquillitatis, baƙin filin nan da Apollo 11 ya sauka, ka shata wani yanki, ka fara ƙirga ramukan da duwatsun sama suka haƙa kana auna faɗin kowanne kana rubutawa a Excel. Sai ka koma yankin tsaunuka mai haske ka shata fili daidai girman wancan ka sake ƙirgawa. Za ka ga na tsaunukan sun fi yawa kuma sun fi girma, dalili kuwa shi ne wurin ya fi tsufa, ya fi daɗewa yana shan jifa, shi kuwa baƙin filin narkakken dutse ne ya malalo daga baya ya binne tsoffin ramukan. Da wannan dabarar masana ke ƙiyasta shekarun wuraren da ba a taɓa ɗebo dutsensu ba, har a Mars. Ka kula da ƙananan ramuka da suka jeru a layi ko suka taru cunkus, galibi ɓaraguzan babban rami ne suka faɗo suka yi su, idan ka lissafa da su za ka tsufar da wurin a banza. Kuma ka zaɓi hoton da rana ta yi ƙasa, inuwa ce ke fito da bakin rami, a hoton tsakar rana rabinsu ɓacewa suke.

Idan ka gama ka zana jadawali, ka rubuta shafi biyu kan abin da ka yi da inda kake zaton kuskure zai iya shiga. Wanda ya iya Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, ko da kaɗan ne ya yi zanen da shi, wanda bai iya ba ya fara koya yau, don kusan duk aikin da za a ba ka sai ya bi ta kwamfuta. Mai son Mars ya sauke manhajar JMARS ta jami'ar jihar Arizona ya duba hotunan HiRISE, kyamarar wani kumbo da ke zagaya Mars, akwai tuddan rairayi a ciki da in ba a faɗa maka ba sai ka rantse hanyar Agadas ce.

Wajen rubuta wasiƙar neman gurbi don Allah a bar zancen nan na tun ina yaro nake kallon taurari, kowa shi yake rubutawa. Faɗi abin da ka yi, abin da ka gano, da masanin da aikinsa ya ja hankalinka bayan ka karanta ko da taƙaitaccen bayanin bincikensa. Mu ma muna da abin faɗa fa, a watan Oktoba na 1962 wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a gona a Zagami, ƙasar Katsina, daga baya aka tabbatar daga Mars ya zo saboda iskar da ta maƙale a cikinsa ta dace da wadda kumbon Viking ya auna a can a 1976, masana har yau suna nazarin gutsattsarinsa. A 2023 ma an tsinci wani dutsen Mars a yankin Agadas da ya kusa kilo 25. Ɗalibin jiyoloji da ya karanta kan Zagami ya iya bayanin ma'adinan da ke ciki, ai wasiƙarsa ba za ta yi kama da ta kowa ba.

Wasiƙar shaida kuma, kar ka bi girman muƙami. Farfesan da bai san fuskarka ba layi uku zai rubuta, gara lakcaran da ya fita fil da kai ko ya ga yadda kake aiki a lab. Ka je masa tun saura wata guda a rufe, ka ce Malam ga abin da nake nema, ga ɗan aikin da na yi, ga ranar rufewa, sannan ka riƙa tuna masa cikin ladabi saboda shi zai tura da kansa ta intanet, saƙon kuma ya kan ɓuya a imel.

In Allah ya sa aka ɗauke ka, satin farko kanka zai ɗau zafi, takardu ne jibge da kalmomin da ba ka taɓa ji ba. Ka yi tambaya, kawaicin da aka koya mana a gida ba ya aiki a nan, shirun da ka yi za a ɗauka ka gane ne. Riƙe littafi kana rubuta duk abin da ka gwada da kwanan wata, ko yankan dutse ne mai kaurin maikiron 30, wato bai kai kaurin takarda ba, kake dubawa a madubin ƙara girma ko lambobi kake tacewa. A ƙarshe za ka rubuta taƙaitaccen rahoto ka tsaya gaban masana ka yi bayani, to tun kafin ka taho ka tambayi wanda ya kula da kai ko aikin zai kai a tura shi babban taron masana Wata da duniyoyi na LPSC da ake yi duk watan Maris a Texas, ka kuma roƙe shi izinin sa sunansa cikin masu yi maka shaida idan ka tashi neman digiri na biyu.