Darasi na Tara: Gishiri a Ƙasar Lambu

Mai noman rani yakan ga abin mamaki a lambunsa. Wannan kwami albasa ta tsiro lafiya, na kusa da shi kuwa sai jefi-jefi, ga wani farin ɓawo a saman ƙasa. Nan da nan sai a ce irin ne ba shi da kyau. Sau da yawa ba laifin iri ba ne, gishiri ne ya yi yawa a ƙasar.

Duk ruwan da muke ban-ruwa da shi, na rijiya ko na kogi, yana ɗauke da ɗan gishiri ko kanwa, ko da harshe bai ji ba. Rana takan ƙafar da ruwan, gishirin ya zauna. Da damina ruwan sama yana wanke shi, da rani kuwa taruwa yake yi. Abin ya fi muni inda ruwa ke kwanciya babu magudana. Wata ƙasar ma asalinta mai gishiri ce, kamar ta Dallol Foga a Nijar, inda ake dafa gishiri daga ƙasa.

Ka barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir, ka ga yadda ruwa zai fito. Gishiri jan ruwa yake yi. Iri kuwa ba ya tsirowa sai ya sha ruwa ya kumbura. Idan ƙasa ta cika gishiri, ita za ta riƙe ruwan, iri ya daɗe bai tsiro ba, ko ya mutu. Wanda ya fito ma yakan tsumbure, bakin ganyensa ya ƙone, ya yi yaushi alhali ƙasa na da laima. A nan ne manomi kan ƙara takin zamani, kuma kuskure ne babba, domin shi ma takin nau'in gishiri ne.

Albasa da karas ba sa jure gishiri. Tumatir da masara sun ɗan fi su. Alkama da dawa suna da juriya, auduga da dabino sun fi su duka.

Magani na farko shi ne a haƙa magudana, sannan a cika kwami da ruwa mai daɗi ya nutse da gishirin ya wuce saiwa. Idan a kan kunya kake shuka, kada ka sa iri a ƙololuwarta, can gishiri ke taruwa, sa shi a gefe. A zuba takin gargajiya da ya ruɓe, a rufe ƙasa da ciyawa ko kara. Kada a zuba toka a irin wannan wuri.

Aikin gida: Ka sami gwangwani biyu, ka huda gindinsu. Cika ɗaya da ƙasar wurin da ya yi fari, ɗaya da ƙasa mai kyau. Shuka ƙwayar masara 10 a kowanne, ka riƙa ba su ruwa daidai da juna. Bayan kwana 7, ƙidaya waɗanda suka tsiro, ka rubuta adadin ka kawo aji.