Kurakuran da aka fi yi wajen fassara gwajin EEG na masu sikizofiriniya mai daɗewa

Tun shekarar 1929 da likitan Jamus Hans Berger ya wallafa yadda ya auna lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, masu bincike suke neman wata alama a cikin layuka masu hawa da sauka da wannan gwaji, wato EEG, yake zanawa, wadda za ta bambanta mai sikizofiriniya (cutar taɓin hankali da ke rikita tunani da fahimtar abin da yake gaskiya) da wanda ba shi da ita. An samu bambance-bambance, amma fassara su ta hanyar da ba daidai ba tana iya cutar da majiyyacin da aka yi gwajin dominsa.

Kuskuren da ya fi kowanne illa shi ne ɗaukar EEG a matsayin gwajin da ke tabbatar da cutar ko ya kore ta. Gaskiya ne cewa idan aka tara sakamakon masu sikizofiriniya mai daɗewa da yawa aka kwatanta shi da na masu lafiya, ana yawan ganin ƙaruwar kaɗawar lantarkin ƙwaƙwalwa mai tafiya a hankali, wato delta da ba ta kai sau 4 a daƙiƙa ba da kuma teta mai sau 4 zuwa 8, tare da raguwar alfa mai sau 8 zuwa 13, wadda take bayyana idan mutum ya rufe ido ya natsu. To amma wannan bambanci ne na matsakaicin jama'a, kuma sakamakon ɓangarorin biyu yana cuɗanya sosai, ta yadda mutum zai iya shafe shekaru da cutar alhali takardar gwajinsa ba ta nuna komai ba. Abin da ya fi damuna shi ne iyalin da za su ji an ce gwaji ya fito lafiya, sai su ɗauka an warke, su dakatar da magani. Likitan ƙwaƙwalwa yana gane cutar ne ta hanyar tarihin majiyyaci da alamomin da yake nunawa da tsawon lokacin da suka ɗauka. Amfanin EEG a nan shi ne bincika ko akwai wata cuta da ke kama da ita, kamar farfaɗiyar da ke tasowa daga gefen ƙwaƙwalwa ko kumburin ƙwaƙwalwa.

Sai kuma manta magani. Wanda ya daɗe da cutar galibi ya daɗe yana shan magani, kuma magungunan kansu suna sauya abin da na'ura take gani. Kulozafin, wanda ake ba waɗanda wasu magunguna ba su yi musu aiki ba, sananne ne wajen rage saurin kaɗawar lantarkin ƙwaƙwalwa, yana kuma ƙara haɗarin jijjiga musamman idan adadinsa ya yi yawa. Magungunan kwantar da hankali irin su dayazifam suna ƙara kaɗawar bita mai sauri. Saboda haka wajibi ne takardar neman gwaji ta ƙunshi sunan kowane magani da adadinsa da lokacin da aka sha shi na ƙarshe, kuma bai halatta a tsayar da magani domin gwajin ba sai da umarnin likita.

Akwai kurakuran da ke faruwa a ɗakin gwajin. Gyangyaɗi yana ƙara teta ko ga mai cikakkiyar lafiya, majiyyacin da magani ya sanya masa kasala kuwa yakan fara gyangyaɗi ba a lura ba. Ƙiftawar ido tana fitowa a gaban kai tamkar delta, cije haƙora da ɗaure goshi suna kwaikwayon kaɗawa mai sauri, wutar lantarkin gini kuma tana shigar da nata sau 50 ko 60 a daƙiƙa. Gyaran shi ne ma'aikaci ya riƙa kallon majiyyaci, yana rubuta duk motsin da ya yi a daidai lokacinsa.

Kuskuren masu karatun bincike shi ne zaton cewa kowane EEG iri ɗaya ne. Sakamakon da ya fi maimaituwa a wannan cuta, kamar raunin martanin ƙwaƙwalwa ga sautin da ya saɓa wa jerin sautuka masu kama da juna, ko kasawarta wajen bin sautin da ke bugawa sau 40 a daƙiƙa, ana samun sa ne ta hanyar maimaita sauti sau ɗaruruwa da lissafin kwamfuta. Ba a ganin sa da ido a gwajin asibiti na minti 20 zuwa 30.

Wasu majiyyata suna ƙin gwajin saboda sun rikita shi da jinyar da ake yi da lantarki. EEG ba ya shigar da wuta cikin kai, kuma ba ya karanta tunani. Ga wanda cutarsa take sa shi zargin ana leƙen zuciyarsa, ya kamata a faɗa masa wannan a fili, a nuna masa wayoyin ya taɓa su da hannunsa kafin a manna masa ko ɗaya.