Yadda za ka binciki jirgin da za ka hau kafin ka yarda da jita-jitar WhatsApp

Da zarar jirgi ya samu matsala ko a Amurka ne sai ka ga guruf ya cika da saƙon "kar wanda ya sake hawa jirgi kaza", kuma mai turowan ko samfurin jirgin bai sani ba. Alhali yawancin bayanan nan a fili suke, kyauta, da wayarka da ɗan data ka gama.

Fara da sanin takardun, don su ne tushen maganar. Akwai takardar amincewa da samfurin jirgi gaba ɗayansa, wadda hukumar ƙasar da ta ƙera shi ke bayarwa, FAA ta Amurka ga Boeing, EASA ta Turai ga Airbus, ANAC ta Birazil ga Embraer. Sai takardar lafiyar tashi ta kowane jirgi ɗaya ɗaya, ita kuma ƙasar da aka yi masa rajista ce ke bayarwa, a Najeriya NCAA ke nan, hukumar kula da sufurin jiragen sama. Ta ukun ita ce AOC, lasisin kamfanin kansa na ɗaukar fasinja. In ka ji an ce "an dakatar" to tambaya ta farko ita ce wanne aka dakatar, samfurin ne, ko jirgi guda, ko kamfanin? Mutane na cakuɗa ukun nan sosai.

Daga nan nemo lambar rajista, tana rubuce a jikin jirgi can baya kusa da wutsiya. Farkon lambar ne ke nuna ƙasa: 5N na Najeriya ne, 5U Nijar, 9G Gana, TJ Kamaru, TT Chadi, ST Sudan. Ba sai ka je filin jirgi ba ma, buɗe manhajar bin sawun jirage ta Flightradar24 ka sa lambar tafiyarka da ke kan tikiti za ta nuna maka jiragen da suka yi wannan hanyar kwanan nan da samfurinsu, sai dai fa kamfani na iya canza jirgi a ranar tafiya. In ka ga tambarin kamfanin gida amma lambar ta wata ƙasa ce, hayar jirgin aka yi, sau da yawa har da matuƙansa, ana yawan ganin haka lokacin jigilar alhazai. Ba laifi ba ne, kawai dai ka san hukumar can ce ke da babban alhakin takardar lafiyarsa.

Kula da gajerun sunayen samfuri da za ka gani a can don a nan ake yawan ruɗewa: B738 shi ne Boeing 737-800 na da, B38M shi ne 737 MAX 8, B39M kuma MAX 9. In kana cikin jirgi ɗauki katin bayanin tsaro da ke aljihun kujera, sunan na sama. In 737 ne, ta taga ma za ka gane MAX, bayan murfin injinsa yana da tsaga-tsaga kamar haƙoran zarto.

Maganar MAX ɗin ce ta jawo sauye-sauyen da suka fi girma a shekarun nan. MAX 8 na Lion Air ya faɗi a Indunusiya a Oktoban 2018, mutum 189 suka rasu, sai na Ethiopian Airlines ranar 10 ga Maris 2019, mutum 157, cikinsu har da ɗan Najeriya Farfesa Pius Adesanmi. Bincike ya nuna wata manhaja ce mai suna MCAS ke danna hancin jirgin ƙasa bisa bayanin na'ura ƙwaya ɗaya tak, kuma matuƙa ba a koya musu ita ba. Aka ajiye jirgin a duk duniya, FAA ba ta sake shi ba sai Nuwamban 2020, EASA kuma ta ce sai ta yi nata binciken, ta sake shi a Janairun 2021. Yanzu manhajar na kwatanta na'urori biyu, ba ta ta maimaita dannawa, kuma dole matuƙi ya yi horo a na'urar kwaikwayon tuƙi. A Disamban 2020 majalisar Amurka ta yi dokar da ta ƙara matse tsarin nan da ma'aikatan kamfani ke duba aikin kamfaninsu a madadin FAA, wanda ni a ganina shi ne asalin ciwon, ba manhajar kaɗai ba. Duk da haka a Janairun 2024 wani murfin ƙofa ya fice daga MAX 9 na Alaska Airlines yana sama, aka gano kusoshi huɗu ne babu, FAA ta ajiye jirage 171 sai da aka duba su. Na'urar naɗar muryar matuƙan ma awa 2 kawai take riƙewa, ta goge abin da ake nema, dokar da aka yi a 2024 ta ce sababbin jirage su riƙe awa 25.

To ta yaya za ka riƙa ganin irin wannan da kanka? Sunan abin AD, wato umarnin gyara na dole. Shiga ad.easa.europa.eu ko shafin FAA ka rubuta samfurin jirgin. Turancin da nauyi gaskiya, amma abu uku za ka nema: waɗanne jirage ya shafa, mece ce matsalar, da wa'adin da aka bayar. Na gaggawa kan ce kafin tashi na gaba, wani kuma a ba da watanni ko awannin tashi. Kar yawan AD ya tsorata ka, samfurin da ya daɗe yana aiki dole ya tara su da yawa, alama ce ta ana sa ido. Haka ma shekaru, tsohon jirgin da ake yi wa gyara kan lokaci ya fi min sabon da ake wa ha'inci.

Ɓangaren gida kuma, dokar sufurin jiragen sama ta 2022 da ƙa'idojin Nig.CARs na 2023 ake aiki da su, kuma NCAA na sanar da dakatarwa a shafukanta. Binciken haɗari kuwa aikin hukumar NSIB ne. Rahoton farko kan fito cikin kwana 30 bisa tsarin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, amma abin da ya faru kawai yake faɗa, dalili sai a rahoton ƙarshe, don haka duk wanda ya ce maka ya san musabbabi washegarin haɗari zato yake yi. Tarayyar Turai ma na da jerin kamfanonin da ta hana shiga sararin samaniyarta, leƙa shi in za ka hau kamfanin da ba ka taɓa ji ba.

Sai wadda ta shafi jakarka kai tsaye, fawa banki. Ba a sa shi a akwatin da za a auna a kai ƙasan jirgi, a hannu ake riƙewa. Har zuwa 100Wh (Wh ma'aunin ƙarfin batir ne) babu matsala, daga nan zuwa 160Wh sai da izinin kamfani, sama da haka ba ya hawa. Mai 20,000mAh kusan 74Wh ne, ya wuce lafiya. Bayan gobarar jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu a Janairun 2025 kamfanoni da dama sun ƙara tsanani, Emirates ta hana amfani da shi a cikin jirgi tun daga 1 ga Oktoban 2025, don haka duba shafin kamfaninka kafin ka haɗa kaya, kuma in rubutun ƙarfin da ke jikin naka ya goge gara ka bar shi a gida don za a iya karɓewa a wurin bincike.